Ciwon da Kika Ɓoye wa Mai Allura

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki a durƙushe, daga bakin ƙofa, yadda na saba. Ina fatan inda kike ya fi inda kika baro, an kuma sauke miki duk nauyin da kika tafi da shi. Mu nan lafiya lau. An yi girbi, gero ya yi kyau, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Ƙanwata Zulai ta haihu, mace, an sa mata sunanki, don haka ita ma ta shiga sahun waɗanda ba a kiran sunansu a gidanmu.

Damina uku ke nan da rasuwarki ban taɓa zama na rubuta miki komai ba. Ko da kina da rai ma ba doguwar magana muke yi ba, balle yanzu. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne, wata dattijuwa ta zo asibitinmu da ciwo irin naki, ta kuma ɗora mini amana irin wadda kika ɗora wa shugabata Malama Ladidi: kada in gaya wa 'yarta. Sati uku ke nan ina yawo da maganar a cikina. Nata ciwon bai yi nisa ba, in aka yi sauri za a iya tarar sa. Na yi duk maganar da na iya, ta ƙi. Duk duniya ke kaɗai na sani da za ta iya gaya mini abin da ake faɗa wa irinku ku sauko, ke kuwa kin tafi.

Bari in fara daga farko. Ke kin san labarin, amma akwai masu leƙen wasiƙar nan ta bayana, su ba su sani ba.

Ni ce 'yarki ta fari. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, ban dawo hannunki ba sai da ta rasu, ina da shekara goma sha biyu. Na dawo na tarar da uwa mai hira da kowa, mai ba'a da maƙwabta ta kan katanga, mai goya Zulai tana yi mata waƙa. In na shigo sai ki gyara mayafi ki tashi duba tukunya. Ba ki taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan". Ban yi fushi ba a lokacin, don haka na ga ana yi wa duk 'yar fari a ƙauyenmu, har mata suna yaba ki. Suna cewa wance akwai kunya, ko kallon 'yar farinta ba ta yi.

Da na tafi makarantar koyon jinya, duk wata sai direban motar Ɗambatta ya kawo mini kwalbar man gyaɗa da ƙullin ƙuli-ƙuli, ya ce in ji Zulai. Inna, Zulai shekararta takwas lokacin. Ko gyaɗar ba ta iya ɓarewa ba sai ta cinye rabi. Ni na san hannun da ya matsa ƙulin nan, ke ma kin san na sani, muka bar shi a haka har na gama.

Ranar da na dawo da farin kaya mata suka cika gida suna guɗa. Ke kina bakin murhu, ko juyowa ba ki yi ba. Sai na ji kin ce wa maƙwabciyarmu, "To, Allah dai ya sa kada ta huda mutanen gari." Aka yi dariya. Daga ranar na samu suna a bakinki. In kina son a kira ni sai ki ce, "Ku ce wa waccan mai allurar ta zo." Wallahi na ji daɗin sunan, don shi ne na farko da kika taɓa raɗa mini.

Aka ba ni aiki a ɗan asibitin ƙauyen da ke gaba da namu, mai ɗaki uku da darbejiya a bakin ƙofa. Mu biyu ne, ni da Malama Ladidi, wadda ta girme ni da kusan shekara ashirin, ita ce shugabata. A can na yi aure, a can nake zaune, tafiyar rabin awa tsakanina da ke. Na wanke saran lauje da na fartanya, na karɓi haihuwa, na yi wa tsofaffi wanka a kan gado. A ƙauyukan nan babu tsohuwar da ban ga gadon bayanta ba, sai ke. Ke sai ranar Juma'a, in zo in durƙusa a bakin ƙofa, ki amsa daga ciki, in shiga wurin Zulai mu sha hira, in tafi.

Alamu sun zo, Inna, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk na gan su.

Kin daina matsar ƙuli, sana'ar da kika riƙe mu da ita tun rasuwar Baba. Na tambayi Zulai, ta ce kafaɗa ce ke damun ki. Na aiko miki da maganin ciwon jiki ta hannunta. Da wata ce ta zo mini da wannan kukan, da na zaunar da ita na ce ta ɗaga hannu, na taɓa ko'ina. Ke kuwa ƙwayoyi na ƙulla a takarda na aiko, na kuma ji kamar na yi wani abin kirki.

Bazara ta shigo, zafi har kaji na buɗe baki, ke kina cikin gida da mayafi mai kauri. Turaren wuta kuma ba ya mutuwa a ɗakinki, da tsakar rana, ke da kika saba cewa hayaƙi yana sa ki tari. Wata Juma'a na hango ki kina sallah, kin ɗaga hannu za ki yi kabbara, na dama ya tsaya a rabin hanya. Na gani da idona. Na kawar da kai, don ba a ƙura wa uwa ido.

A watannin nan ne Malama Ladidi ta zama mai son man gyaɗa. Sai ta hau babur ta ce za ta je gidanmu sayen mai, alhali kin daina yi, ragowar na da ne kawai a tulu. Har tsokanar ta nake yi, ina cewa Malama ko shan sa kike yi? Wata rana muna wanke almakasai ta ce mini, "Wai yaushe rabon ki da zama da Innarki? Ba gaisuwar bakin ƙofa ba, zama." Na yi dariya na ce ni da Inna ai sai dai gaisuwa. Ta daɗe tana kallo na, sannan ta mayar da kanta kan aikinta. Sau uku ta yi mini wannan tambayar, sau uku ina dariya.

Ruwan sama ne ya tona. Wata Juma'a a farkon damina ina durƙushe a bakin ƙofarki aka kece da ruwa mai iska, ba shiri na faɗa cikin ɗakin. Rabona da shiga ɗakin nan ya fi shekara. A ƙarƙashin ƙamshin turaren na ji wani wari da duk wanda ya yi aikinmu ya sani, ba a kuma ruɗa shi da wani. Na ga tsummokara a jiƙe cikin kwano a ƙarƙashin gado. Kika ja mayafi kika ce, "Ruwan ba mai daɗewa ba ne, yana tsayawa ki kama hanya." Ko a nan ban iya buɗe baki na tambaye ki ba. Cikin ruwan na fita na tafi ɗakin Zulai.

Zulai ta yi kuka har da shessheƙa kafin ta faɗa. Ta ce ya fi shekara. Ta ce da farko ɗan ƙullutu ne a nonon dama, aka ce ƙurji ne da ya ƙi nuna, kika sa aka kawo wata tsohuwa ta yi miki sakiya, ta huda wurin da ƙarfe mai zafi, tun daga nan bakin ya ƙi rufewa. Ta ce kin ce mata in ta gaya wa mai allura ba ki yafe ba. Sannan ta faɗi abin da ya fi komai ƙona ni. Ta ce kafin sakiyar ma kin taɓa zuwa asibitinmu. Kin sa ta bincika ranar da zan fita ƙauyuka rigakafi, kika zaɓi ranar kika je.

Washegari tun kafin marasa lafiya su zo na zazzage akwatin katuna. Na samu naki. Sunanki ne da rubutun Malama Ladidi, wata takwas da suka wuce. Ta rubuta cewa ƙullutun bai fi goro ba, fata ba ta fashe ba. Ta rubuta cewa ta ba da takardar zuwa babban asibiti a birni, mara lafiya ta ƙi. A ƙasa ta rubuta cewa mara lafiya ba ta yarda a gaya wa 'yarta ba. Wata takwas katin nan yana cikin akwatin da nake sa hannu kullum.

Na faɗa wa Malama Ladidi maganganun da har yau nake jin kunyar tunawa. Na ce ta kashe mini uwa. Na ce muna cin abinci kwano ɗaya tana kallo na tana ɓoye mini. Ba ta katse ni ba. Da na gaji ta ce, "Ba uwarki ce ta shigo ɗakin nan ba, mara lafiya ce, da hankalinta, ta kuma ba ni amana. Na roƙe ta har da hawaye." Na tambaye ta me kika ce mata da ta roƙe ki. Ta ce kin ce, "Ni in kwanta 'yar fari ta buɗe mini ƙirji? Gara ƙasa ta rufe shi." Da ta yi miki maganar birni da aikin yanke nonon da za a yi, ta ce kin ce da su kika zo duniya, da su za ki koma.

Daga baya dai kin yarda muka je birnin, don ciwon ya kai inda ba ki da ƙarfin musu. Muka ɗauki shatar mota daga Ɗambatta, kina baya ke da Zulai, ni ina gaba, ko a motar ba ki yarda mun haɗa kujera ba. Likitar da ta duba ki ta fito ta ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu, abin da ya rage a rage miki zafi a kuma riƙa wanke wurin. Ta ga yadda nake yi mata tambaya, sai ta ce, "Ke ma'aikaciya ce?" Na ce e. Sai ta dube ni. Har in mutu ba zan manta wannan kallon ba.

Muka dawo gida, ni ma na tare a wurinki. Malama Ladidi ce ke zuwa kullum da safe ta wanke miki, ni ina waje ina dafa ruwa ina miƙa wa Zulai. Ni da na yi shekaru ina wanke gyambon mutanen da ban sani ba, a gidan ubana na koma mai hura wuta. Sai wata rana aka kwana ana ruwa, rafin da ke tsakaninmu da asibiti ya cika, babur bai iya ƙetarewa ba. Zulai ta gwada, ta ga wurin, jiri ya ɗebe ta. Rana ta yi tsaka, ƙudaje sun fara taruwa. Sai na ji muryarki daga ciki, ƙasa-ƙasa: "Ku ce wa waccan ta shigo."

Kika juya fuska bango, kika lulluɓe kanki da mayafi, kika bar mini wurin kawai. Na sa safar hannu. Na jiƙa tsohon bandejin da ruwan ɗumi mai gishiri don kada ya fizgi nama, na ɗaga shi a hankali. Inna, na ga raunuka da yawa a aikina, amma ranar sai da na ciji leɓe don kada ki ji numfashina ya canja. Kika ce, "Ki yi sauri." Ban yi sauri ba. Na wanke gefe-gefe da auduga, na busar, na sa magani, na rufe. Ina tattara kaya, har na kai bakin ƙofa, na ji kin ce daga cikin mayafin, "Ashe hannunki da sauƙi."

Iyakar yabon da kika taɓa yi mini ke nan a duniya. Na je bayan rumbu na zauna a kan turmin da kika daina amfani da shi, na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Washegari rafi ya janye, Malama Ladidi ta zo, kika ce a gaishe ta, a ce ta huta. Kwana talatin da ɗaya ni nake wanke miki. Kullum fuska a bango, kullum mayafi a ka, ba hira. Amma na lura kin daina cewa in yi sauri. Wata rana ma, ina cikin naɗa bandeji, hannunki na hagu ya sauko ya dafa gwiwata, ya daɗe a wurin, kamar bai san inda ya sauka ba. Ranar Talata da hantsi, gero ya fara fitar da kai, kika cika. Ba ki kira sunana ba har ƙarshe, ni ma ban sa rai ba.

Bayan shekara Malama Ladidi ta yi ritaya, aka ba ni asibitin. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice. Na rantse a raina cewa ni ba zan taɓa yi wa wata 'ya abin da ta yi mini ba.

To, ga shi an zo wurin.

Ba zan faɗi sunan dattijuwar nan ba, ko ƙauyensu, ko ranar da ta zo. 'Yarta ce ta rako ta, amma ba ta shigo ba, ta zauna a benci a gindin darbejiya. Na tambayi uwar me ya kawo ta, ta ce, "Waccan ce ta matsa, wai kafaɗa." Tun daga "waccan" ɗin nan na san inda aka dosa. Na rufe ƙofa na lallaɓa ta har ta kwance zani. Ƙullutu ne a ƙarƙashin fata, bai fashe ba, bai kai goro ba ma. Ni ba likita ba ce, ba ni zan yanke cewa daji ne ba, sai an gwada a birni. Amma yatsuna sun san abin da suka taɓa.

Na yi mata bayani dalla-dalla, ban ɓoye komai ba. Na ce yanzu ne lokacin, in aka bari zai kai inda ba a iya komai. Na ce akwai likitoci mata. Na ce ni da kaina zan raka ta. Na ce ba za ta iya wannan tafiyar ita kaɗai ba, dole wani nata ya sani, ga 'yarta nan a waje. Ta saurare ni har na gama, ta ɗaura zaninta tsaf, ta ce, "Na ji, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Amma wannan tsakanina da ke ne. Amana na ba ki."

A makaranta an koya mana cewa sirrin mara lafiya nasa ne, kuma babba mai hankali ba a yi masa magani dole. Na rubuta haka a jarrabawa na ci. Ba wanda ya gaya mini cewa wata rana zan buɗe ƙofa in tarar da kaina zaune a benci. 'Yar ta miƙe ta ce, "Malama, me kika gani?" Na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito: yaushe rabon ki da zama da Innarki, ba gaisuwa ba, zama? Ta rufe baki da gefen mayafi tana murmushi ta ce, "Malama, ai ni ce ta fari." Ta karɓi maganin kafaɗa ta yi godiya, suka tafi, uwar a gaba, ita a baya da tazara.

A satin na wanke ƙafa na je gidan Malama Ladidi. Na same ta tana ba awaki harawa, ta tsufa fiye da yadda na zata. Na durƙusa na nemi gafara, ta ce babu abin yafewa, uwa ce. Na ba ta labari ba tare da suna ba, na ce Malama yaya zan yi? Ta ce, "Da na sani ai da na yi a kan Innarki." Ta ce in na faɗa, labari zai zaga, gobe babu tsohuwar da za ta ƙara kwance mini zani a ƙasar nan, za su koma wurin mai sakiya gaba ɗaya. In kuma na yi shiru, na san sauran. Na ce to ke yanzu kina ganin daidai kika yi? Ta ce wata rana takan ga daidai ne, wata rana kuma in ta tuna ko tuwo ba ya wuce mata. Na je neman amsa na dawo da nauyin mutum biyu.

Dattijuwar nan mai ciwo tana sayar da daddawa. Kin dai gane sauran. Sau biyu ina hawa babur in je gidanta saye, yanzu ɗakin girkina ko'ina daddawa, har maigidan yana tambaya ko sana'a zan canja. Zuwan farko na tarar da 'yar a gidan, muka yi hirar tsadar kalwa na dawo. Zuwa na biyu na same ta ita kaɗai tana shanya. Na zauna a kan tabarma na yi abin da ban taɓa yi wa mara lafiya ba. Na ba ta labarinki. Na gaya mata turaren wuta, da sakiya, da katin da ya yi wata takwas a akwati, da kallon da likita ta yi mini. Na gaya mata yadda wurin ya koma a ƙarshe, ban sassauta ba, don so nake ta tsorata. Na yi kuka a gabanta, ni da farin kayana.

Ta ajiye daddawar da ke hannunta. Na ce a raina, yau dai na same ta. Sai ta numfasa ta ce, "Allah ya jiƙan ta. Wannan ita ce mace. Ta tafi da mutuncinta."

Inna, kin ji. Labarinki na ɗauka don in ja ta zuwa asibiti, sai ya zama abin da ta jingina da shi. Ta ma ƙara mini daddawa uku gyara, wai don na tuna mata da mutanen kirki.

Ina fushi da ke. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa, Allah ya yafe mini. Kin ɗauki kunyata kin fifita ta a kan ranki, kin bar ni da ilimin da ya yi wa kowa amfani ban da ke. Ina kuma fushi da kaina fiye da haka, don hannun nan da ya tsaya a rabin kabbara na gan shi, ni ma kunyar ce ta kawar mini da kai. Mu biyu muka yi wannan aikin, ba ke kaɗai ba. Kuma na sani ba ƙi ba ne. Wanda ba ya son mutum ba ya matsa masa ƙuli duk wata shekara uku ya ce in ji Zulai. Ina son ki, Inna. Ga shi na faɗa a inda ba za ki iya tashi duba tukunya ba.

Amma ki gaya mini, da me za a ce miki ki yarda? Akwai wata magana da Malama Ladidi ba ta yi ba, wadda da ta yi da kin sauko? Da ta karya amanarki ta gaya mini tun ƙullutun bai fi goro ba, da kin yafe mata? Da na shigo ɗakin da ƙarfi na ce sai na duba, da kin tsine mini, ko da a ranki kin ji sanyi? A kwana talatin da ɗayan nan, da fuskarki take bango, kin taɓa cewa da na sani? Ina tambaya ne don wata tana can tana shanya daddawa, abin yana girma a jikinta kullum, 'yarta kuma tana gaishe ta daga bakin ƙofa.

Na san wasiƙar nan ma a gefen amana take tafiya. Na yi ta juya ta kafin in sake ta, na cire duk abin da zai nuna matar, har sana'ar da na faɗa ba tata ba ce ta gaskiya. Ba zan ɓoye miki ba, wani ɓangare na zuciyata yana fatan 'yar ta gani ta tsargu. Amma wannan ma yaudarar kai ce. Wayarta ƙarama ce ta kira kawai, kuma ba ta yi boko ba. Mutanen birni ne za su karanta su yi mini ta'aziyya, ita kuwa ranar tana gona tana roron wake.

Ranar Alhamis zan koma. Daddawar ba ta ƙare ba, amma zan koma. Na duba abin da ya rage mini na faɗa mata, na ga saura abu ɗaya. Duk labarin da na ba ta, ban gaya mata abin da kika ce ranar da rafi ya cika ba. Na riƙe shi ne don shi kaɗai na gada daga bakinki, ko Zulai ban taɓa gaya wa ba sai yau. Zan kai mata shi. Zan ce matar nan da kika yaba, a ƙarshe 'yar farin ce dai ta buɗe ta, sama ba ta faɗo ba, har ta ce hannunta da sauƙi, kuma ba ta ƙara neman wani hannun ba. Zan ce taki 'yar ma wataƙila hannunta da sauƙi, kada ki bari sai saura wata ɗaya ki sani. In ta sake cewa Allah ya jiƙan ki ta ƙara mini gyara, to ba ni da sauran komai. Zan karɓi daddawata in hau babur, in ci gaba da zuwa, har ranar da za a aiko a ce in taho da auduga.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da Baba a gidan da babu ciwo. Allah ya yafe mini kawar da kan da na yi. Ya saka wa Malama Ladidi da alheri, ya sauke mata abin da take ɗauke da shi. Ita kuma baiwar Allahn nan, Ya Rabbi, kai ka san sunanta, ka buɗe bakinta tun da sauran lokaci, don ni nawa a ɗaure yake.

Na bar ki lafiya. Zan sa sunana a ƙasa, ba sai kin kira ba, ki dai gani.

'Yarki ta fari,
waccan mai allurar,
Maimuna